Yadda wutar lantarki ke ratsa molekul guda ɗaya

Mai haɗa wutar gida ba ya buƙatar littafi kafin ya gaya maka cewa doguwar waya ta fi gajeruwa cin wuta, siririya kuma ta fi kakkaura saurin ɗaukar zafi. In ka ninka tsawon waya, turjiyar da take yi wa wuta ita ma ta ninka. In ka ƙara mata kauri, turjiyar ta ragu. Tun 1827 da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa bincikensa ake aiki da wannan lissafi, kuma daga manyan layukan da ke kai wuta gari zuwa gari har siraran hanyoyin da ke cikin rediyo, bai taɓa ba da kunya ba.

Amma yana da iyaka. In aka yi ta rage wayar har ta koma molekul guda ɗaya tak, wato ƙwayoyin atam goma ko ashirin da suka riƙe juna, sai lissafin ya watse. A nan ƙarin atam ɗaya a tsawo yana iya mayar da wutar kusan kashi ɗaya cikin uku na yadda take. Sauya wurin da aka kama molekul ɗin da taki ɗaya kacal yana iya rage ta sau goma ko fiye, alhali sinadarin bai canza ba. Har an samu molekul da ya fi sararin da babu komai a cikinsa hana wuta wucewa. Molekul ba ƙaramar waya ba ce. Wutar da ke ratsa shi ta dogara ne da shi kansa, da ƙarafa biyun da ke riƙe da shi, da irin riƙon da suka yi masa, kuma ba yadda za a yi a raba waɗannan ukun. Yawancin nasarori da kurakuran da aka yi a wannan fage cikin shekaru hamsin daga wannan gaskiya suka fito.

Sai mu fara da girman abin. Nanomita ɗaya shi ne mita da aka raba gida biliyan aka ɗauki ɗaya. Kaurin gashin mutum yakan kai nanomita 80,000 ko kusa da haka. Molekul ɗin da aka fi gwadawa a farkon wannan bincike, wato zoben benzin mai atam shida na kabon wanda aka maƙala wa atam ɗin farar wuta a gefe biyu, bai cika nanomita ɗaya ba. In aka ɗora masa bolt ɗaya, ƙarfin turin da ke kansa daidai yake da bolt biliyan ɗaya a kan mita guda. Iska kuwa a wajen bolt miliyan 3 a kan mita take fashewa ta yi tartsatsi. Ke nan wannan ɗan abu yana jure abin da ya ninka hakan sau ɗari uku.

Daga ina turjiya ke zuwa

A cikin wayar tagulla akwai ilaktiron, wato ƙananan ƙwayoyi masu caji waɗanda tafiyarsu ita ce wutar lantarki, masu ɗimbin yawa da ba a ɗaure suke da atam ɗaya ba. Batir na tura su, su kuma suna tafiya suna cin karo da atam ɗin ƙarfen da zafi ke girgizawa, da duk wani datti ko lahani da ke cikinsa. A zafin ɗaki, ilaktiron yakan yi tafiyar kusan nanomita 40 a cikin tagulla kafin ya yi karo. Doguwar waya karo da yawa, gajeruwa karo kaɗan. Sirrin dokar Ohm ke nan gaba ɗayansa, kuma zafin da waya ke yi daga waɗannan karo yake fitowa.

To molekul mai nanomita ɗaya fa? Ilaktiron ya riga ya wuce kafin ya samu abin da zai yi karo da shi. Hankali zai ce ashe babu turjiya ke nan. Ba haka abin yake ba, kuma wanda ya fara gano dalili shi ne Rolf Landauer na kamfanin IBM a Amurka, a 1957. Ya ce a wannan ƙanƙanta a daina tambayar sau nawa ilaktiron ya yi karo. A tambaya: cikin ilaktiron ɗari da suka iso bakin hanyar, nawa suka wuce, nawa aka mayar? Sauƙin wucewar wuta shi ne wannan kaso, ba wani abu ba.

Lissafin ya zo da wani abu mai ban mamaki. Ko da hanyar ta buɗe sarai, duk wanda ya zo ya wuce, turjiya ba ta zama sifiri. Hanya ɗaya tilo tana da mafi ƙarancin turjiya na kusan ohm 12,900 (ohm shi ne ma'aunin turjiya). Wannan adadi bai fito daga zinare ko tagulla ba. Ya fito ne daga abubuwa biyu da ba sa canzawa a duk faɗin halitta, cajin ilaktiron da adadin Planck, wani tsayayyen adadi da ke cikin lissafin ƙananan abubuwa irin su atam. An tabbatar da shi a ɗakin gwaji a 1988, lokacin da wasu masana a Delft ta ƙasar Holan da wasu a Cambridge ta Ingila, kowa a gefensa, suka ga wuta na ƙaruwa hawa-hawa maimakon sannu a hankali yayin da suke buɗa wata 'yar ƙofa a cikin sinadari. Yau in aka ja siririyar wayar zinare har ya rage atam ɗaya ne kawai ke haɗe da ɓangarorin biyu, mita za ta nuna wannan adadi, a kowane ɗakin gwaji a duniya. A 2002 ƙungiyar Jan van Ruitenbeek a Leiden ta Holan ta saka molekul mafi ƙanƙanta da ake da shi, haidirojin mai atam biyu, tsakanin tsinin filatinam biyu cikin tsananin sanyi, ta samu kusan wannan adadin. Zafin da turjiyar ke haifarwa kuwa mafi yawansa a cikin ƙarafan gefe yake sauka, ba a jikin molekul ɗin ba. Shi ya sa ba ya ƙonewa nan take.

Sai dai haidirojin ɗan gata ne. Yawancin molekul ba sa barin ko kashi ɗaya cikin ɗari ya wuce. Dalilin yana cikin yadda aka gina su.

A cikin ƙarfe, ilaktiron na iya ɗaukar kusan kowane mataki na kuzari, matakan a jere suke ba giɓi, kuma a cike suke har zuwa wani layi da ake kira matakin Fermi, da sunan masanin nan ɗan Italiya Enrico Fermi. Ilaktiron da ke kusa da wannan layi su ne ke ɗaukar wuta. Molekul kuwa matakansa ƙididdigaggu ne, a rarrabe. Akwai na ƙarshe da ke cike, masana na ce masa HOMO, akwai na farko da babu kowa a kai, LUMO, tsakaninsu kuma giɓi ne da ba a yarda ilaktiron ya zauna ba. In aka haɗa molekul da zinare, matakin Fermi na zinaren galibi a tsakiyar wannan giɓi yake faɗawa. Ilaktiron ya iso da kuzarin da molekul ɗin ba shi da mazaunin da ya dace da shi.

Da a ce ilaktiron ɗan dunƙulen abu ne kamar yadda ake zana shi a littafin makaranta, da magana ta ƙare, ba wuta. Amma yana da halin igiya irin ta ruwa, kuma igiya ba ta yankewa tsaf a bakin katanga. Tana kutsawa ciki tana dusashewa. In katangar siririya ce, saura kaɗan daga igiyar yakan fito ta ɗaya gefen, kuma wannan saura shi ne yiwuwar a samu ilaktiron ya tsallake. Wannan ratsawa ita ce babbar hanyar da wuta ke bi ta gajeren molekul. Ba wani baƙon abu ba ne can nesa da mu: katin memori da ke cikin wayar salula da ita yake ajiye hoto, ta hanyar tura ilaktiron su ratsa wata siririyar katanga su maƙale a bayanta.

Dusashewar igiyar ce ke bayyana abin da na faɗa da farko. Ba ragewa ake yi ba, rabawa ake yi. A sarƙar kabon irin wadda ke cikin kakin kyandir, inda kowane atam ya riƙe maƙwabcinsa da ɗauri guda, duk kabon ɗaya da aka ƙara yana raba wutar kusan gida biyu da rabi zuwa uku. Ƙara goma, wutar ta ragu sau dubu goma ko fiye. Amma a molekul da ɗaurinsa ke sauyawa, guda sannan biyu, guda sannan biyu, kamar zoben benzin, wasu ilaktiron a bazu suke a kan dukan jikin, giɓin ya fi ƙanƙanta, matakan sun fi kusa da layin Fermi, sai igiyar ta daɗe ba ta dusashe ba. Irin waɗannan ne ake kira wayoyin molekul. Duk da haka turjiyar zoben benzin ɗaya takan kai ohm miliyan guda. Kada a raina wutar da ke bin sa: a kashi ɗaya cikin goma na bolt, ilaktiron wajen biliyan 600 ne ke ratsa shi a kowane sakan.

Wahalar kama abin da ba a gani

Tunanin ya riga gwajin da shekaru fiye da ashirin. A 1974 Arieh Aviram na IBM da Mark Ratner, wanda a lokacin yake Jami'ar New York, suka wallafa shawarar cewa za a iya gina dayod, wato abin da ke barin wuta ta bi gefe ɗaya ya hana ta dawowa, daga molekul guda. Tsarinsu ɓangare uku ne: gefe mai son bayar da ilaktiron, gefe mai son karɓa, da gajeruwar gada a tsakiya da ke raba su. A takarda abin ya yi kyau. Amma babu wanda ya san yadda zai maƙala wa nanomita ɗaya waya biyu.

Ƙofa ta fara buɗewa a 1981, da Gerd Binnig da Heinrich Rohrer suka ƙera wani madubin bincike a ɗakin gwajin IBM da ke Zurich ta Suwizalan. Tsini ne mai kaifin atam guda da ake kusantar da shi jikin ƙarfe har wutar ratsawa ta fara gudana, aka ba su kyautar Nobel a kansa a 1986. Hanya ta biyu kuma ita ce a ɗora siririyar wayar zinare a kan faranti mai lanƙwasuwa, a yi ta tura farantin daga ƙasa a hankali har wayar ta tsinke. Bakin tsinkewar biyu su ne ƙarafan, kuma ana iya matso su ko nesanta su da abin da bai kai faɗin atam ba. Da wannan dabara ne Mark Reed na Jami'ar Yale da James Tour da abokan aikinsu suka ba da rahoto a 1997 cewa sun auna zoben benzin mai farar wuta tsakanin zinare biyu. Sun samu kusan ohm miliyan 22.

Me ya sa zinare da farar wuta? Zinare ba ya tsatsa, saboda haka bakinsa na zama a tsaftace ko a cikin iska, farar wuta kuma tana kama shi da ƙarfi da kanta ba sai an tilasta ba.

A nan gizo ke saƙar. Da wasu ɗakunan gwaji suka auna wannan molekul ɗin dai, sai sakamako ya yi ta bambanta, wani lokaci ninki ɗari ko fiye. Masu lissafi da kwamfuta kuma suna samun wuta da ta fi ta gwaji yawa nesa ba kusa ba. An yi shekaru ana jayayya. Daga baya aka gane cewa ba lallai wani ne ya yi kuskure ba. Atam ɗin farar wuta na iya zama a kan atam ɗin zinare guda, ko tsakanin biyu, ko a cikin ramin uku. Molekul ɗin na iya tsayawa cak ko ya karkata. Riƙon yana da ƙarfin da har yakan janyo atam ɗin zinare daga mazauninsu. Kowane yanayi da tasa wutar. Wanda ya ce ya auna turjiyar molekul, a gaskiya turjiyar mahaɗar baki ɗaya, wato molekul ɗin da bakin ƙarafan da ke riƙe da shi, ya auna, a siffar da ta kasance a wannan lokacin.

Maganin da ya ɗora fagen a kan ƙafafunsa ya zo a 2003 daga Bingqian Xu da Nongjian Tao na Jami'ar Jihar Arizona, kuma sauƙinsa ne ya fi burge ni. Maimakon a wahala a gina mahaɗa ɗaya mai kyau, sai a gina dubbai. Ana caka tsinin zinare cikin farantin zinare a cikin ruwan da aka narka molekul ɗin, sannan a ja shi baya ana auna wuta. Wutar na sauka hawa-hawa har ta kai matakin atam guda, sai zinaren ya tsinke. In babu abin da ya shiga tsakani, wutar ta faɗi warwas. In kuwa molekul ya kama bakin biyu, sai a ga ta tsaya a wani ƙaramin mataki na ɗan lokaci kafin shi ma ya saki. A maimaita sau dubbai, a tara sakamakon, adadin da ya fi yawan fitowa shi ne na molekul ɗin. Da haka awo ya zama abin da wani zai iya maimaitawa a wata ƙasa ya samu kusan abu ɗaya.

A 2006 Latha Venkataraman da abokan aikinta a Jami'ar Columbia suka ƙara wani mataki. Suka bar farar wuta suka koma wa naitirojin, wanda riƙonsa ya fi rauni amma kusan hanya ɗaya kawai yake kama zinare, don haka sakamakon ya fi tsabta. Da shi suka auna molekul mai zobe biyu da ke haɗe, suna murɗa ɗaya a kan ɗaya ta hanyar sauya ƙananan rassan da ke gefe. Zoben na kwance a layi ɗaya, wuta na da yawa. Ana ƙara murɗawa tana raguwa, daidai yadda lissafi ya hango, har ta kusa ɗaukewa sa'ad da suka gitta juna. Tsawo bai canza ba, ƙarafa ba su canza ba, siffa kawai.

Inda igiya ke kashe kanta

Wannan sashe ne, a ganina, ya fi kowane nuna cewa mun bar duniyar waya. Zoben benzin yana da kusurwa shida. In ilaktiron ya shiga ta ɗaya, hanya biyu ce a gabansa, dama da hagu, kuma da yake igiya ne, duka biyun yake bi lokaci guda. Wanda ya taɓa jefa duwatsu biyu cikin kududdufi ya ga abin da ke faruwa inda da'irorin suka haɗu: wani wuri tudu ya gamu da tudu ruwan ya ƙara tashi, wani wuri tudu ya gamu da kwari ruwan ya kwanta kamar ba a taɓa shi ba. Haka yake a zoben. In mafitar na daidai kishiyar mashiga, igiyoyin na ƙarfafa juna, wuta ta wuce. In aka matsar da mafitar da kusurwa ɗaya, sai su soke juna, wutar ta ragu sau goma, wani lokaci har sau ɗari.

A duba yadda wannan ya saɓa wa abin da mai gyaran rediyo ya sani. A wurinsa hanya biyu gefe da gefe kullum sun fi ɗaya wuce da wuta. A molekul, buɗe hanya ta biyu na iya rufe ta farko. A 2012 wata ƙungiya a Leiden ta nuna alamar wannan sokewa ƙarara a zafin ɗaki, abin da mutane da yawa suka zaci sai cikin tsananin sanyi zai yiwu. A 2018 kuma masana daga Columbia da Copenhagen da Shanghai suka ba da rahoton wani molekul na silikon mai siffar keji, bai kai nanomita ɗaya ba, wanda sokewar da ke cikinsa ta sa ya fi sarari mai tsawo ɗaya da shi hana wuta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga masu ƙera tiransista, wato ƙananan makunnai da ke buɗe wa wuta hanya su rufe a cikin kwamfuta, domin babbar damuwarsu yau ita ce yoyon wuta ta katangun da suka yi siriri da yawa.

Ratsawa ba ita kaɗai ce hanya ba. In molekul ya yi tsawo, igiyar na mutuwa kafin ta kai, sai ilaktiron ya koma yin zango: ya sauka a wani sashe na molekul ɗin, atam ɗin da ke wurin su ɗan gyara zama, sannan zafi ya ba shi kuzarin tsallakawa sashe na gaba. Wannan tafiya ta fi kusa da bayanin da Rudolph Marcus ya yi kan yadda ilaktiron ke sauya mazauni a sinadarai, aikin da ya ci kyautar Nobel a 1992. A 2008 ƙungiyar Daniel Frisbie a Jami'ar Minnesota ta yi ta tsawaita wata wayar molekul mataki-mataki, ta ga sauyin ya auku a wajen nanomita 4. Gane wace hanya ake bi ba wuya: a ɗumama mahaɗar. Ratsawa ba ta damu da zafi sosai ba, zango kuwa zafi ne abincinsa, ana ɗumamawa wuta na ƙaruwa.

In kuma riƙon ƙarafan ya yi rauni ƙwarai, wani hali na uku ke bayyana. Ilaktiron ɗaya ya shiga ya zauna, cajinsa ya hana na biyu shigowa har sai ya fita, sai wutar ta koma ɗaya bayan ɗaya. A 2000 masana a Berkeley ta Amurka suka yi tiransista da ƙwallon kabon mai atam 60 a wannan yanayi, suka ga cewa duk shigar ilaktiron tana sa ƙwallon ya yi tsalle a kan zinaren sama da sau tiriliyan ɗaya a sakan. A Berkeley ɗin dai, a 2007, aka ɗumama ƙarfe ɗaya aka bar ɗaya da sanyi, aka auna ɗan bolt da ya taso. Alkiblarsa ce ke faɗin ko matakin da ke cike ne ko wanda babu kowa ya fi kusa da layin Fermi. Ga zoben benzin mai farar wuta, wanda ke cike ne.

Alkawari da abin da aka samu

A ƙarshen shekarun 1990 an cika baki da yawa cewa molekul zai gaji silikon nan ba da daɗewa ba. Wannan zumuɗi ya yi ɓarna. Jan Hendrik Schön na ɗakin bincike na Bell ya wallafa rahotannin tiransistan molekul da suka girgiza duniya, wasu suka ɓata watanni suna ƙoƙarin maimaitawa ba su samu ba, har kwamitin bincike ya tabbatar a watan Satumba na 2002 cewa ya ƙirƙiri sakamako, aka kore shi. Akwai kuma kuskure na gaskiya wanda ba ha'inci a ciki. An yi murnar samun makunnin molekul da ke kunnuwa ya kashe, sai masu binciken kamfanin HP da kansu suka nuna a 2004 cewa a irin na'urar da suke gwadawa, mai ƙarafan filatinam da taitaniyam, ko wane molekul aka saka kunnuwar na faruwa. Ashe daga ƙarafan take. Na fi ganin girman waɗanda suka fito suka faɗi haka a kan waɗanda suka yi ta ƙirga shekarun da suka rage silikon ya mutu.

Dayod ɗin Aviram da Ratner dai an same shi, amma ta hanyar da ke ƙara tabbatar da batunmu. Robert Metzger na Jami'ar Alabama ya nuna a 1997 cewa shimfiɗar molekul mai kaurin guda ɗaya na fifita gefe ɗaya. A 2015 kuma ƙungiyar Columbia ta samu dayod na molekul guda da wutarsa ta gaba ta ninka ta baya fiye da sau 200, alhali molekul ɗin gefensa biyu iri ɗaya ne sak. Bambancin daga waje ya zo: an tsoma mahaɗar cikin ruwa mai ɗauke da caji, aka rufe yawancin jikin tsinin aka bar farantin a buɗe, sai caji ya taru a gefe ɗaya fiye da ɗaya. Sau 200 babban ci gaba ne a wannan fage, amma dayod ɗin silikon da ake sayarwa a kasuwar kayan rediyo ya fi haka nesa.

Me ke hana a yi kwamfuta da su? Abu uku ne, kuma duk a mahaɗa suke. Na farko, guntun silikon na zamani na ɗauke da tiransista biliyoyi da dole kowane ya yi aiki kamar ɗan'uwansa, mahaɗar molekul kuwa matsawar atam guda na sauya ta. Na biyu, tiransista na buƙatar ƙafa ta uku da ke buɗe hanya da rufewa, kuma saka ta kusa da nanomita ɗaya da ke matse tsakanin manyan ƙarafa biyu abu ne mai wuyar gaske. Ƙarafan na tare mafi yawan tasirinta. Na uku shi ne daɗewa, domin atam ɗin zinare na yawo ko a zafin ɗaki. Kan wannan na ƙarshe an samu haske: a 2016 ƙungiyar Xuefeng Guo a Jami'ar Peking ta ƙasar Sin ta ɗaure molekul guda tsakanin gefe biyu na girafin, wato shimfiɗar kabon mai kaurin atam ɗaya, da ɗauri irin na sinadari. Haske mai launi ɗaya na kunna shi, wani launin na kashe shi, kuma ya yi sama da shekara yana aiki. Dabararsu ita ce saka 'yan kabon kaɗan tsakanin molekul ɗin da girafin don rage riƙon, saboda a gwaje-gwajen baya riƙo mai ƙarfi ne ke sa makunnin ya maƙale a kunne.

Abin da ya fita daga ɗakin gwaji ya shiga kasuwa ya bi ta inda ba a zata ba. A Jami'ar Alberta ta Kanada, aikin Richard McCreery da Adam Bergren ya haifar da wata na'urar sauya amon jita da ke amfani da shimfiɗar molekul tsakanin kabon biyu, saboda yadda wutar ratsawa ke lanƙwasa a hankali yana ba da sautin da dayod ɗin silikon ba ya bayarwa. Molekul masu yawa ne a ciki, ba guda ba, kuma yawan ne ke rufe bambancin da ke tsakaninsu.

Ɗaya hanyar kuma ita ce a mayar da raunin ya zama amfani. Tun da ƙaramin motsi na sauya wutar, mahaɗar na iya zama na'urar ji. A 2022 kamfanin Roswell Biotechnologies na Amurka ya wallafa bayanin guntun silikon mai dubban mahaɗai, kowace da wayar molekul guda da aka maƙala wa abin kamu, ko sashen DNA ko furotin. Duk sa'ad da abin da ake nema a cikin ruwan gwaji ya kama ko ya saki, wutar na motsawa, kwamfuta na rubutawa. Masana sinadarai ma na amfani da irin wannan mahaɗa su bi sawun yadda ɗauri guda ke ƙulluwa da warwarewa, su ga matakan tsakiya da ke ɓacewa in ana auna tiriliyoyin molekul a kwalba ɗaya, har suna gwada ko ƙarfin turin nan na bolt biliyan a kan mita zai iya hanzarta haɗuwar sinadarai ba tare da an ƙara wani abu ba. A 2016 masana a Ostareliya da Sifen sun nuna hakan na yiwuwa a kan tsinin zinare, inda juya alkiblar wutar ya sauya yawan ɗaurin da ke ƙulluwa.